Waken Iya a Ranar Mulkin Kai

A garinmu Kibiya, da zarar ruwan shuka ya sauka, mai shela yakan zaga unguwa-unguwa da gangarsa yana cewa kowa ya ɗaure dabbarsa. Daga ranar akuya da tunkiya sun shiga turke ke nan, sai an girbe dawa an rore wake, amfani ya shiga rumbu, sannan ya sake zagowa ya ce a saki. Tsakanin shelar nan biyu mu yara mu ne bayin awaki. Kullum da yamma lauje a hannu, tsohon buhu a kafaɗa, mu bi gefen gonaki muna yankan ciyawa muna tsine wa akuya a zuci. Ban taɓa tambayar wanda ya kafa wannan doka ba, sai a shekarar da ƙasar nan ta samu mulkin kai, ina aji uku a firamare.

Malaminmu saurayi ne daga birnin Kano, siriri, mai farin wando da usur a wuya. Yana da bulala, amma ta fi daɗewa a jingine a kusurwa fiye da a hannunsa. Tun da damina ta yi nisa ya ƙara mana wani darasi da ya kira dokokin zaman gari. A nan ne muka ji dalilin da ya sa ba a wanki a bakin rijiya, da dalilin da ya sa ba a cinna wa daji wuta kafin a kawar da amfani. Ya ce mai kaya a ka shi ake kauce wa a hanya ko da kai ɗan sarki ne. Mu dai muna amsawa da "E, Malam", hankalinmu kuwa yana kan faretin da ake koya mana, don an ce ranar bikin mulkin kai za a kwashe mu a mota a kai mu Rano. A ajinmu kaf babu wanda ya taɓa shiga mota.

Wata rana ya ajiye alli ya tambaye mu, "Wa zai gaya mini ma'anar mulkin kai?"

Wani ƙato da ke zama a bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kowa zai mulki kansa. Babu sauran bulala."

Aji ya ɓarke da dariya, har shi Malam ɗin. Wata yarinya kuma ta ce ita ta ji a gidansu ana cewa Bature zai tattara dokokinsa kaf ya zuba a akwati ya tafi da su. Malam bai ce an yi daidai ba, bai ce an yi kuskure ba. Ya ce to, tunda akwatin Bature zai tafi, ya kamata mu san abin da ke ciki. Kowa ya koma gida ya sami dattijo ko tsohuwa, ya ɗauki doka ɗaya ya tambaya: wannan Bature ne ya zo da ita, ko tarar da ita ya yi?

Ni ba sai na yi nisa ba, don a gidanmu akwai Iya, mahaifiyar babana. Tsohuwa ce gajera mai kaifin baki, wadda ba ta yarda ta zama nauyin kowa ba. Babana ya yi ya yi ta zauna ta huta a riƙa auna mata daga rumbu, ta ce ita ba kaza ba ce da za a riƙa watsa mata tsaba. Tana da 'yar gayaunarta a bayan gari, daf da dangar maƙwabcinmu, kuma ba ta shuka komai a ciki sai wake. Wani farin wake ne manya-manya, mai ɗan baƙin ido, wanda ta taho da irinsa a ƙoƙo daga gidan ubanta a Madachi ranar da aka kawo ta Kibiya. Da shi take ƙosan da take sayarwa da safe, kuma duk wanda ya ci ƙosan Iya ya san ya bambanta. Kowace shekara takan ware iri ta zuba a gora da toka ta toshe. A wannan shekarar kuwa gorar babu komai a ciki. Shukar farko ruwan sama ya ɗauke, ta ƙone, sai ta juye duk abin da ya rage ta maimaita. Can Madachi ma, in ji ta, irin ya ɓace tun wata shekarar fari. Saboda haka duk waken ubanta da ya saura a duniya yana nan a wannan 'yar gona, ya yi yaɗo ya yi fure, ya soma fitar da ƙananan 'ya'ya.

Na same ta tana surfa waken kasuwa a gindin turmi. Na ce, "Iya, Malam ya ce in tambaye ki, dokar ɗaure awaki da damina Bature ne ya zo da ita?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai angon nan nawa, boko bai ƙara maka komai ba sai tambayar banza. Matso."

Na matsa. Ta goge hannunta na hagu a zani ta miƙo mini manuniyar yatsarta. Akwai wani tsohon tabo fari da ya zagaye gaɓar, har yatsar ta ɗan karkace. Kullum ina ganinsa, ban taɓa tambaya ba.

Ta ce, "Lauje ne. Ina kamar kai, na je yanko wa awakin babana ciyawa, suna turke suna kuka. A lokacin ko labarin Nasara ba mu taɓa ji ba. Sai da wannan ya warke, aka yi wata daminar, sannan aka ce sun shiga Kano. Je ka gaya wa malamin naku tabon nan ya riga Bature zuwa ƙasar nan."

Na kai wa Malam amsa washegari, ya sa na maimaita a gaban aji, ya ce a tafa mini. Na zaci maganar ta ƙare ke nan.

Maƙwabcin namu da na ambata, Baba mai awaki muke ce masa. Kiwo ne sana'arsa, yana da garke babba a bayan danga, da wani jan bunsuru mai gemu wanda warinsa ke riga shi isowa. Baba ba mugu ba ne. Mutum ne mai barkwanci da kyauta, in ya dawo daga kasuwa ba ya rasa abin da zai miƙa wa yaro. Amma yana da ciwo a zuciya. Daminar da ta wuce wata akuyarsa ta tsinke igiya ta shiga gonar wani, aka kai ƙara, ɗan doka ya zo ya tisa ƙeyarsa har ƙofar dagaci. Aka tsugunar da shi a rana a gaban jama'a, 'ya'yansa suna kallo, aka ci shi tara. Tun daga ranar ya ƙudurta cewa duk wannan wulaƙanci na Bature ne. Shi a zamanin Bature aka haife shi, bai san wata doka da ba ta da ɗan doka a bayanta ba. Da aka fara maganar mulkin kai, sai ya riƙa faɗa a dandali, a kasuwa, har a ƙofar masallaci, cewa ranar da Bature ya sauke tutarsa, ranar zai kwance awakinsa su ma su ɗanɗana.

Mutane suna dariya suna cewa, "Kai dai Baba ba ka rabo da abin dariya." Na gaya wa babana, ya ce barazana ce kawai, in daina sa baki a maganar manya. Ni ma na so in yarda. Amma 'yar Baba ajinmu ɗaya, ita ce yarinyar nan da ta yi maganar akwati, kuma tare muke zuwa yankan ciyawa. Ana jibi biki na biya mata da laujena, sai ta fito hannu sake. Ta ja ni gefe ta ce, "Babanmu ya ce in daina yanko musu. Ya ce su ɗan ji yunwa, ranar Asabar za su ci su ƙoshi da kansu."

Nan na gane da gaske Baba yake. Na san ranar Asabar dagaci da masu unguwanni da ɗan doka duk suna Rano. Babana da sauran magidanta ma sun shirya tafiya tun da asuba. Gari zai rage daga tsofaffi sai mata a cikin gida. Kuma akuyar da ta fito daga dangar Baba, abu na farko da za ta gani shi ne waken Iya. Akuya mai yunwa ba ta barin ganye balle fure. Kafin a sha ruwa a dire ƙoƙo sun mai da gonar fili.

Na gaya wa Iya. Ba ta yi salati ba, ba ta yi zagi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, "Zan je in zauna a bakin gonata da karana. Wadda na iya kora in kora." Na dubi gwiwoyinta da ba ta miƙe su sai ta dafa bango. Na ce ni ba zan je Rano ba, zan tsaya tare da ita. Ta ce in na ƙara faɗa sai ta fasa mini baki, ita ba ta haifi wanda zai fasa shiga mota saboda akuya ba. Na fita bayan ɗaki na yi kukana, don ina son motar nan kamar raina, kuma ina son Iya fiye da motar.

Ranar Juma'a muka yi gwajin fareti da safe. Da aka tashi na tsaya sai da kowa ya watse, na je na rusuna na zayyana wa Malam komai. Ya juya usur a hannu. Ya ce, "Ni baƙo ne a garin nan. In na je na ce wa dattijo kada ya kwance awakinsa, zai ce ga wani sabon Baturen kuma. Kai ma yaro ne, ba ka isa ka yi masa faɗa ba." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ya busa usur, yaran da suka kai bakin hanya suka dawo da gudu.

Ya ce musu, "Gobe mulkin kai. Ga matsala ta farko ta zo muku tun kafin goben. Ba ni zan yanke ba, ku za ku yanke." Ya sa na maimaita. Aka yi ta hayaniya. Wani ya ce a je da dare a ƙara wa igiyoyin ƙulli, wani ya ce a kai ƙara, aka tuna masa wanda za a kai wa ƙarar ba ya gari. Ƙaton nan na bencin baya, wanda ya ce babu sauran bulala, shi ya kawo maganar da ta zauna. Ya ce, "Malam, ai motar sai da hantsi za ta zo. Mu yi faretinmu na ƙarshe ta bayan gari mana. Wa zai hana 'yan makaranta maci ranar mulkin kai?"

Malam ya yi murmushi ya ce faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa. Ya ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Hannaye suka tashi. Na saci kallon 'yar Baba. Ta daɗe kanta a sunkuye, sannan ta ɗaga nata a hankali, ba ta dubi kowa ba.

Asabar ta waye, gari ya yi tsit kamar an share. Muka taru a filin makaranta cikin kayanmu da aka wanke aka danne da dutsen guga, ƙafafu sun sha man gyaɗa suna ƙyalli. Aka raba mana 'yan tutoci, kowa ɗaya, ƙyalle kore da fari da kore a jikin siririn tsinke. Malam ya riga ya gaya mana kore noma ne, fari zaman lafiya, har ya mai da shi waƙar da muke taka ƙafa da ita. Na riƙe tawa da hannu biyu. Ban taɓa mallakar abu sabo fil irin wannan ba. Aka jera mu biyu-biyu, mai ganga a gaba, Malam a gefe, muka fita ta bayan gari muna "hagu, dama, hagu", mata suna leƙowa ta saman danga suna guɗa.

Muna karyo kwanar rijiya na hango Iya. Tana zaune a kan kunya a bakin gonarta, ita kaɗai, da karan dawa a hannu, ta yafa farin mayafinta na zuwa suna. Can gefe kuma ga Baba a ƙofar garkensa, ya sha riga sabuwa, igiyoyi a rataye a kafaɗarsa. Ashe mun makara kaɗan, ya riga ya kwance su. Ina gani ya janye ƙyauren kara ya ɗaga hannu sama ya yi kira da ƙarfi, "Mulkin kai! Ku fita, ku ma an ba ku!"

Duk wanda ya ji ana cewa akuyar ɗaure ta samu sake, bai ga komai ba in bai ga wannan ba. Suka fito a guje suna tsalle suna tunkuɗar juna, ba su yi hagu ba ba su yi dama ba, suka miƙe sak wajen koren ganyen nan. Iya ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi.

Malam ya busa usur, irin busar da ba mu taɓa ji ba. Layi ya watse. Muka zuba a guje, muka ratsa ta gefen kunya muka sha gaban awakin, muka jeru daga wannan kusurwar gona zuwa waccan, kafaɗa da kafaɗa. Babu wanda ya tsara mana, kowa dai ya ga giɓi ya toshe. Muka ɗaga tutoci muna kaɗawa muna ihu, mai ganga yana duka kamar zai fasa ta. Awakin gaba suka ja birki, na baya suka hau kansu. Wata ta nemi ratsawa ta tsakanin ƙafafun ƙaton ajinmu, ya cafke ta ya ɗaga sama kamar jariri ya juya ta. Wata ta kutsa ta samu yaɗo guda ta fizga, yara mata biyu suka rufe ta da duka da tuta har ta saki.

Jan bunsurun nan shi bai san tsoro ba. Ya tsaya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓe ni, wataƙila don ni ne ƙarami a wajen. Ya taho kansa a sunkuye. A bayana ga Iya, ga waken. Na rantse a raina ko zai huda ni ba zan kauce ba. Na miƙa tutata gabansa ina kaɗawa ina cewa, "Kai! Kai!" Ya tsaya cak. Ya shinshina. Ya ga kore. Kafin in ankara ya kama ƙyallen da baki. Na ja, ya ja. Na ji ƙyallen ya yage daga tsinken, ina kallo ya tauna koren farko, ya bi da farin, ya haɗiye ɗaya koren, gemunsa yana rawa. Aka bar ni da tsinke a hannu.

Abin da ya cece mu ke nan, don yana cikin tauna ƙaton nan ya zagayo ya riƙe ƙahonsa. 'Yar Baba kuma ta koma can bakin garke ta yi irin kiran da take yi musu in ta kawo ciyawa. Awakin da suka saba da muryarta suka juya. Muka matsa a hankali a jere, muna taka ƙafa, har muka tattara su a kusurwar danga muka kewaye su.

Sai ga Baba ya iso yana huci, rigarsa tana jan ƙasa. Ya ce, "Wa ya aiko ku? Dagaci yana Rano! Ɗan doka yana Rano! Bature ya kama hanyar garinsu! Wa ya rage da zai hana ni?" Ya juya wajen Malam. Malam ya cire hularsa ya gaishe shi, ya koma gefe ya harɗe hannu.

Ban san inda na samu ƙarfin hali ba. Na fito daga layi da tsinkena, na tsuguna a gabansa na ce, "Baba, ina kwana."

Dole ya amsa, don ba a ƙin amsa gaisuwa. Ya ce, "Lafiya."

Na ce, "Baba, aikin makaranta aka ba mu, an ce mu tambayi manya. Dokar turke, Bature ne ya zo da ita, ko tarar da ita ya yi?"

Ya ce, "Wannan ai ko makaho ya sani. Tasa ce! Wa ya tsugunar da ni a rana in ba mutanensa ba?"

Muryar Iya ta taso daga bayanmu. "Ku ɗaga ni." Yara biyu suka kama ta, ta tako a hankali tana dogara karanta har gabansa. Ta miƙa masa yatsar nan kusa da hancinsa ta ce, "Duba nan, ɗan nan. Ka san wannan?"

Ya ce, "Iya, ni fa ban ce su shiga gonarki ba. Sakinsu kawai na yi."

Ta ce, "Akuya ka saka ko malamin makaranta, da za ta san gonar da ba tata ba? Na ce ka duba. Lauje ne ya yi mini, ina yanko wa awakin ubana ciyawa a turke, tun ba a haifi uwarka ba, tun Nasara bai san hanyar Kano ba. Kakanka ma ɗaure nasa yake yi, na gan shi da idona. Wane ɗan doka ne ya tsaya a kansa?"

Baba ya ce, muryarsa ta sauka, "To tarar da aka ci ni fa, Iya? A gaban 'ya'yana?"

Ta ce, "An ci mutuncinka, kowa ya sani, ni ma ban ji daɗi ba. Tsugunon rana nasu ne, su sa a akwatinsu su tafi da shi, Allah ya raka taki gona. Amma turke namu ne. In ka ba Bature turke ya tafi da shi, me za mu ci baɗi, ni da kai?"

Baba ya dubi waken, ya dubi mu da muka kewaye awakinsa muna haki, kayanmu na biki duk sun yi dumu-dumu da ƙasa. Ya dubi 'yarsa, ita kuma ta sunkuyar da kai. Sannan idonsa ya sauka a kan tsinken da ke hannuna, da wani zare kore da ke reto a gemun bunsurunsa. Na ga kafaɗarsa ta fara rawa. Sai ya fashe da dariya, har yana riƙe ciki. Ya ce, "La ilaha illallahu! Tun ba a ɗaga tutar ba ɗan banzan nan ya cinye ƙasar!"

Ya sauke igiyoyin daga kafaɗa. Ƙaton ajinmu ya miƙa hannu zai taya shi, ya ce, "A'a, bari. Ni na kwance, ni zan ɗaure." Ya fara da bunsurun. Yana ƙulla igiyar yana cewa, "Ku shaida, 'yan boko. Babu ɗan doka a nan. Babu wanda ya sa ni." Muka tsaya muna kallo har ya kai kan ta ƙarshe. Da ya ja ƙyauren ya rufe, ba mu jira usur ba, muka kaure da ihu da tafi, mata suka amsa da guɗa daga cikin gidaje. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, ji nake kamar ni ne na kori Bature da hannuna.

Muna cikin haka muka ji ƙahon mota daga wajen makaranta. Yara suka zuba da gudu. Ni na tsaya ina duban tsinkena, sai a lokacin abin ya dawo mini, hawaye suka cika mini ido. Kowa zai shiga Rano da tuta ban da ni. Iya ta ce, "Kawo nan, ragon miji." Ta kama bakin farin mayafinta da haƙori ta yago ƙyalle. Ta sunkuya ta ɗauki yaɗon waken nan da akuya ta fizge, ta raba shi biyu, ta ɗaura rabi a sama, farin ƙyalle a tsakiya, rabi a ƙasa. Ta miƙo mini ta ce, "Ba ka ce kore noma ba ne? To ga noman. Yi gudu kada su bar ka."

A Rano ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Makarantu sun zo daga ko'ina, kowace da gangarta, fili ya cika har bisa itatuwa. Na so in ɓuya a tsakiyar layi don kada a ga abin da nake riƙe da shi, amma Malam ya kamo hannuna ya kai ni gaba, ya ce yau ni zan ja ajinmu. Muka wuce ta gaban rumfar manya ina ɗaga ganyen wake da ya fara yaushi. Na ji ana dariya, na ji wani yana tambayar wace irin tuta ce wannan. Ban sunkuyar da kai ba. Da aka ja babbar tutar sama, jama'a suka ɗauki kabbara, na ɗaga tawa iyakar tsawon hannuna. Na hango babana cikin taro ya saki baki yana kallona, bai san komai ba tukuna.

Waken Iya ya nuna a kan lokacinsa. Na taya ta roro, muka sussuka, ta fara cika gorar iri ta zuba toka ta toshe kafin ta auna na ƙosai. Ƙosan farko da ta soya, ni ta aika da shi gidan Baba a cikin akushi. Bayan an girbe dawa mai shela ya zaga da gangarsa ya ce a saki dabbobi, gari ya cika da awaki suna kiwo a kara. Amma har yamma muna jin na Baba suna kuka a turke. Iya ta dogara karanta ta je bakin danga, ina biye da ita da gorar iri. Ta ce, "Kai ɗan nan, kurma ne kai? An yi shela tun safe."

Ya leƙo ya ce, "Na ji ta mai ganga, Iya. Taki nake jira."

Ta juyo ta dube ni, ta ɗaga gorar irin da ke rataye a hannuna ta girgiza, ta ji ta cika. Sannan ta ce masa, "To, saki."